Rigar Sanyin da Ba ta Cikin Kwali

Shafi na 23

Rosel ta farke kwalin da wuƙata ta yankan taba, ba ta jira uwarta ba.

A gidana ba a yin haka. Kwalin kaya daga ƙasar waje in ya sauka daga jirgin ruwa, ana barin sa a tsakar ɗaki, a ci abinci, a wanke hannu, mai kwalin ya yanke tef da kansa. Rosel ta san wannan. Jikata ce, a hannuna ta girma, Apong take ce min, wato kaka.

"Ajiye wuƙar nan."

"Apong, ka ƙyale ni."

"Uwarki tana kasuwa. Kwalinta ne."

"Shi ya sa nake buɗewa yanzu."

Durƙuso ya gagare ta saboda cikin. Haihuwa yau ko gobe, mijin yana aikin jirgi a teku, sai bayan an cire tafarnuwa zai sauka. Ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafafu, ta kwantar da kwalin ta hau fitarwa.

Naman gwangwani. Sabulu. Man goge baki. Tawul. Cakulan da ya narke ya sake daskarewa. Kayan jarirai har da 'yar hula.

Ba ta kallon ko ɗaya. Wurgi kawai take yi.

Cion ce ta kunna wutar rigimar nan, ga ta kuma a bakin ƙofa tana fifita da malafata. Ƙanwar marigayiyar matata ce, Manong take ce min, wato yaya. Ta yi nata aikatau a Hong Kong tun tuni, ta dawo da ciwon gwiwa da baki.

"Duba ƙasa, 'yar nan. Kaya mai kauri a ƙasa ake sa shi."

"Cion," na ce, "ba ki da gida ne?"

"Ina da shi, Manong Tibo. Naka ya fi labari."

"Ajiye min malafa."

"In na ajiye, sanƙonka zai gode min?"

Jiya a bakin rijiya ta gaya wa yarinyar maganar. Ta ce mace in ta gama da Hong Kong da gaske, kwalinta na ƙarshe ba na dangi ba ne, nata ne. Bargonta. 'Yar tukunyarta. Rigar sanyinta. A nan wa zai sa rigar sanyi? Ba kowa. Amma babu wadda take baro ta, sai wadda za ta koma.

Noring, 'yata uwar Rosel, tana da tata. Ja ce, mai hula a wuya. Duk hoton da ta taɓa aiko mana na lokacin sanyi, tana ciki: ran Lahadi, zaune kan kwali a gindin gada, ita da sauran matan ƙasarmu. Rosel ta san rigar kafin ta san fuskar.

'Yata ta ce mana ta dawo ke nan. A gaban kabarin uwarta ta faɗa. Ni kuma na yarda. Na sari gora, na ɗaura gadon jego da hannuna, kai sama ƙafa ƙasa, na kafa shi kusa da murhu yadda ake yi. Na tara itace. Cion ta tsinko ganyen gwaiba na wanka. Abu ɗaya ya rage, uwar da za ta zauna tana hura wutar. Wannan ba aikin namiji ba ne. Tun da Rosel ta yi wayo ba ta taɓa roƙon uwarta komai ba, sai wannan.

Hannunta ya kai ƙasan kwalin. Na ji ƙarar farcenta a jikin kwali.

Ta kife shi. 'Yar safa ɗaya ta faɗo.

"Babu," ta ce.



Keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofar gida. Noring ta shigo da kifi a hannu ɗaya, kabewa da kuɓewa a ɗayan. Ta ga kayan a warwatse. Abin da ta fara yi, ta ajiye cefanen ta sunkuya tana tattarawa.

Haka take tun da ta dawo. Gidan nan ita ta gina shi, bulo da kwano, amma sai kowa ya ƙoshi take cin abinci, a tsaye, a bakin wurin wanke-wanke. Ɗakin da na ware mata wai ya yi mata girma, tana shimfiɗa a lungun buhunan shinkafa. Ranar farko na kira ta daga gona, ta amsa, "Na'am, Yallaɓai." Ni ubanta. Ban ci abinci ba ranar.

"Bar kayan nan," Rosel ta ce.

"Za a taka cakulan ɗin."

"Mama, ina rigarki?"

"Wace riga?"

"Ja. Mai hula."

Noring ta ninke tawul gida huɗu. Ta warware. Ta sake ninkewa.

"Ta tsufa."

"Kin yar?"

"Na... na ba wata."

Cion ta yi tsaki. "Noring, ni za ki yi wa? Rigar da ta tsufa ai ita muke kawowa gida, mu sa ta a akwati mu riƙa shinshinawa muna zagin mutanen can. Tawa tana nan, asu ya cinye hannu ɗaya."

"Anti, don Allah."

"Ni ba ruwana. Fifita nake yi."

"Wa kika ba?" Rosel ta ce.

Wayar Noring ta ɗauki ƙara a aljihunta. Ta dafe aljihun kamar mai tare jini. Ƙarar ta tsaya. Ta sake ɗauka.

"Ɗauki mana."

"Ba kowa ba ne."

"To ba ni in gaisa da ba-kowa."

Mai ciki ce, amma hannunta ya fi na uwar sauri. Ta zaro wayar ta latsa.

Fuskar yarinya ta cika wayar. Siririya, fara fat, da robar iska a hanci. Ta buɗe baki ta yi kira da yarensu, kalma ɗaya, tana ja. Ba na jin yaren. Amma na yi kiwon ɓauna, na san kukan ɗa in yana neman uwa.

A kafaɗar yarinyar akwai jar riga. Mai hula.

Noring ta fizge wayar. Muryarta ta sauya, ta yi laushi, tana magana da sauri da wannan yaren, tana shafa gilashin da yatsa. Ban taɓa jin wannan muryar a gidana ba. Ta kashe, ta mayar aljihu.

Ku masu bin labarin nan da kuke ta rubuto min cewa na cika tsanani a kan 'yata, ku karanta tukuna.

"Yan-yan ce," in ji Noring, tana kallon ƙasa. 'Yar masu gidan da take wa aikatau ke nan.

"Na san sunanta," in ji Rosel. "Na san ba ta cin jatan lande. Na san tana tsoron tsawa. Na san ranar da ta fara tafiya. Duk kiran da kika taɓa yi min, rabinsa labarinta ne."

"Ba ta da lafiya."

"Tana da uwa."

"Za a buɗe mata ƙirji. Zuciyarta ce."

"Tana da uwa, Mama. Tana da uba. Suna da likitoci kamar ƙasa."

"Ba ta cin abinci a hannun kowa."

"Sai naki."

Na juya ga Noring.

Na ce, "Zauna."

Ta zauna a bakin benci, rabin jiki, kamar za a kira ta.

"Kin ce kin gama."

"Na gama, Tatang. Rantsuwa zan yi, na gama. Na ce musu ba zan sabunta ba. Na haɗa kayana. Rigar ma har na sa ta a kwalin nan. Ana saura kwana kaɗan in taho yarinyar ta faɗi a makaranta."

"Sai aka yi yaya?"

"Uwarta ta shigo ɗakina. Shekarun nan duka ba ta taɓa shiga ba, a bakin ƙofa take tsayawa ta ba da umarni. Ta shigo ta zauna kan katifata tana kuka."

"Hawayen uwar ɗaki," in ji Cion. "Na san su. Suna bushewa ranar da kika fasa kofi."

"Ba don ita ba ne, Anti."

"Sun ƙara miki albashi?" na ce.

"Ban tambaya ba."

Da ta ce eh, da na fi jin sauƙi. Talauci abu ne da na sani. Shi ya fitar da ita daga gidan nan, mijinta ya mutu ya bar ta da goyo, gonar kuma tana hannun jingina. Amma an fanshi gona. An rufa kwano. Rosel ta gama makaranta. Babu abin da ya rage da za a je nema.

"Yaushe?" na ce.

"Tatang..."

"Yaushe ne jirgin?"

"Asabar."

Cion ta daina fifita. "Wannan Asabar ɗin? Noring, kin dubi cikin nan kuwa? Ya sauka. Makaho ma ya ga ya sauka."

"Ina ta addu'a ta haihu kafin nan."

Rosel ta yi dariya. Ba ta daɗi ba.

"Au. Shi ya sa kullum da asuba kike tashi na, wai mu taka zuwa bakin teku. Shi ya sa kike dafa min citta. Ni ina cewa uwata tana kula da ni. Ashe sauri kike yi."

"Ba haka ba ne!"

"In haihu da wuri, ki ɗauki jaririn a hoto, ki kama jirgi."

"Zan dawo. Da an gama aikin, ta fara tashi zaune, zan dawo."

"Wata nawa?"

"Ban sani ba."

"Wancan karon shekara biyu kika ce wa Nanang."

Matata Ising ce Rosel take kira Nanang. Ita ta goye ta. Uwarta kuwa, tana ƙarama, Maman Kwali take ce mata. Duk shekara Ising za ta ɗora ƙafarta a kan takarda ta zagaye da biro a aika. Kafin jirgin ruwa ya kawo takalmin, ƙafar ta wuce shi. Haka ta riƙa cusa ƙafa, tana ɗingishi zuwa makaranta, ba ta yarda a ba wani.

Cion ta matso, ta zauna kusa da Noring. Muryarta ta yi ƙasa, abin da ba ta saba ba.

"Tambaya ɗaya zan yi miki. Rigar nan. Kin ce har kin sa ta a kwali."

"Eh."

"Kika fito da ita."

"Ta ƙi barci. Ta riƙe ni ta ce in na tafi ba zan dawo ba."

"Kin wanke ta kafin ki ba ta?"

Noring ta sunkuyar da kai.

"Noring. Kin wanke?"

"...A'a."

Cion ta yi alamar gicciye a ƙirjinta.

Kowa a garin nan ya san wannan. Uwa in za ta yi nisa, takan tuɓe rigar da ta wuni da ita, da guminta, ta bar wa ɗanta a matashi, don kada kewa ta kwantar da shi. Ba a yi wa ɗan maƙwabta. Ba a yi wa ɗan 'yar'uwa. Uwa ce take yi wa abin da ta haifa.

Rosel ta dafa bango ta miƙe. Na miƙa mata hannu, ta ƙi. Ta shiga ɗakinta. Muka ji an ja akwati.

Ta fito da ita a hannu. Shuɗiyar riga mai ƙananan furanni, ta koɗe har ta kusa zama fara. Na gane ta. Ita ce a jikin Noring ranar da muka raka ta tashar mota. A bayan gidan tasha ta canza, ta miƙo wa Ising ta taga.

"Kin tuna wannan?"

Noring ta rufe baki da hannu.

"Nanang ba ta taɓa bari ruwa ya taɓa ta ba. Ƙamshin ya tafi tun ina aji ɗaya, amma na ci gaba da shinshinawa. Yara suna min dariya. Na ce ba komai, ni kaɗai ce a duniya nake da rigar Mama."

"Rosel..."

"Na yi niyyar in shimfiɗa wa jaririn a shilonsa. In ce masa, ga ta kakarka, ga kuma kakar taka a zaune."

"'Yata, ki saurare ni."

"Wace daga ciki?"

Ta jefa rigar. Ta faɗi a kan gwangwanayen naman.

Noring ta sauko daga benci ta durƙusa. Ta ɗauki rigar ta rungume.

"Kina jin ban san abin da na yi ba? Ranar da na sauka a gidan nan nasu, nonona bai gama bushewa ba. Aka miƙo min jinjira aka ce ga aikinki. Ina ba ta kwalba, rigata tana jiƙewa. Ke nake gani. Waƙar da nake miki ita nake mata. Me zan yi da hannuwana? In ɗaure su? Wani abu ne dole ya shiga cikinsu, ita ce ta shiga."

"To ki je wurinta."

"Ke kina da Tatang. Kina da Anti Cion. Lafiyarki ƙalau, likita ya faɗa. Ita in aka kwantar da ita, ba tabbas ta tashi. In ta mutu tana kirana fa?"

"Nanang ma tana kiranki ta mutu."

Wannan gaskiya ne. Ina wurin. An hana Noring hutu a lokacin, wai yarinyar tana jarrabawa. Ta waya ta kalli jana'izar uwarta, daga cikin banɗaki.

Rosel ta buɗe baki za ta ƙara, sai maganar ta tsaya. Ta kama ginshiƙin ɗaki da hannu biyu. Ta sunkuya. Gumi ya keto mata a goshi.

Noring ta yi tsalle ta kai gare ta.

"Numfasa, numfasa, Yan..."

Ta haɗiye sauran. Amma mun ji. Dukanmu.

Rosel ta ɗago kai a hankali, ta cire hannun uwarta daga bayanta, yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Apong Cion," ta ce, "zo ki riƙe ni."

Cion ta taso da gwiwarta mai ciwo, ta tallabe ta, ta taɓa cikin ta ƙasa.

"Tun yaushe kike jin wannan?"

"Tun safe."

"Tun safe! Kika zauna kina yaƙi da kwali? Kan gidan nan duk iri ɗaya ne, dutse. Manong Tibo, daga wurinka suka gado."

"Naƙuda ce?" na ce.

"Ko ita, ko mai yi mata sallama. Ta fari takan yi wasa da mutum, ta zo yau ta koma sai wani mako. Ba wanda ya sani sai Allah."

Sai wani mako. Asabar kuma ba ta jira.

Na dubi gadon da na ɗaura. Na dubi itacen. Na dubi 'yata a tsaye a tsakiyar ɗaki, hannuwa a sake, ba wanda yake son su.

Ni ba mai yawan magana ba ne. Gida nawa ne. Abin da ya karkace, ni nake miƙar da shi.

Na san inda fasfonta yake. Wata 'yar jaka ce ta zane, ɗaure a ƙugunta ƙarƙashin riga. Da ita take kwana. In za ta yi wanka, a ƙusa take rataye ta inda idonta zai gani. Tun gidan farko da ta yi aiki, tana budurwa, kafin aure, kafin Hong Kong, inda maigidan ya kulle fasfonta a durowa, ita kuma ya kulle ta a gida, har sai da ta dira ta taga ta karya ƙafa. Ni na ce a lokacin, in na ga mutumin nan, da addata za mu gaisa.

Na miƙa hannu.

"Ba ni fasfonki."

Cion ta juyo. "Manong..."

"Ba da ke nake ba."

Noring ta dubi tafin hannuna.

"Tatang, me ka ce?"

"Kin ji. Zan ajiye. In an yi baftisma, an kashe wutar jego, ki zo ki karɓa."

"Lokacin an riga an yi mata aikin."

"Ba jikata ba ce."

"Tatang, ka san abin da kake tambaya kuwa?"

"Na sani. Ni ba baƙo ba ne. Ubanki ne."

Tun tana yarinya ba ta taɓa musa min ba. Na ce ta bar makaranta ta taya uwarta shanya taba, ta ce to. Can ma haka. Goge taga a hawa na sama, to. Ba hutu wannan Lahadin, to. Uwarki ta mutu amma ba za ki je ba, to. Na ga bakinta ya haɗa kalmar da kansa, yadda ya saba. Hannunta ya tafi ƙugu.

Rosel ta daina nishi. Tana kallo ta kafaɗar Cion.

Wayar ta sake ɗaukar ƙara a aljihu.

Noring ta ɗora hannu a kan 'yar jakar. Ba ta kwance ba. Dafe ta ta yi.

Ta ɗago ta dube ni cikin ido.

"A'a, Tatang. Ba zan ba ka ba."